LITTAFIN MUTUMIN TALABIJIN DA YA RABA KAN MASU KARATU A INGILA

Ran Alhamis, 3 ga watan Satumba, 2020, wani kamfanin buga littattafai na birnin Landan mai suna Viking ya fitad da wani littafin hikaya wanda mutanen Ingila suka daɗe suna gardama a kansa. Sunan littafin The Thursday Murder Club, watau in mun juya shi da Hausa, Ƙungiyar Binciken Kisan Kai ta Ranar Alhamis. Cikin kwana 3 na farko an sayad da kofe 45,000. Da makon Kirsimeti na shekarar ya zo, lokacin da Turawa suka fi sayen littattafai don yi wa juna kyauta, shi ne ya zo na ɗaya duk ƙasar, har ya wuce littafin tarihin rayuwar Barack Obama, tsohon shugaban Amurka, wanda ya fito cikin watan Nuwamba. Kafin wannan ba a taɓa samun marubucin da hikayarsa ta fari ta ci wannan matsayi ran Kirsimeti ba.

To, abin da ya jawo maganganu shi ne wanda ya rubuta littafin. Sunansa Richard Osman, kuma a sa'an nan da wuya a sami gida a Ingila inda ba a san fuskarsa ba. An haife shi cikin 1970, ya yi karatu a Jami'ar Kambrij, ya yi shekaru yana aikin tsara shirye-shiryen talabijin a bayan fage, sa'an nan daga 2009 ya shiga fitowa da kansa cikin wani shirin kacici-kacici na gidan BBC da ake kira Pointless, shi da abokinsa Alexander Armstrong. Dogo ne ƙwarai, ya ba ƙafa shida baya, ga tabarau, ga ba'a mai sanyi wadda ba ta ƙona kowa. Kowace yamma, lokacin da mutane ke shan shayi, sai ga shi cikin ɗakunansu. Saboda haka ran da aka ce ya rubuta littafin kisan kai, tun ba a buɗe shafin farko ba jama'a suka rabu: waɗansu suka ce lalle mai wannan basira ba zai rubuta abin banza ba, waɗansu kuwa suka ce ai ga wani kuma ya zo cin kasuwa da sunansa.

Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatunmu labarin wannan gardama, domin tambayar da ke cikinta ta shafi duk wanda ya taɓa fid da kuɗinsa ya sayi littafi: shin abin da ke ciki ya saya, ko kuwa sunan da ke bisa bango?

Abin da ke cikin littafin

Sai mu fara bayyana wurin da labarin ya auku, gama irinsa baƙo ne a gare mu. A Ingila, mutum in ya tsufa, 'ya'yansa sun watse kowa yana garin da yake aiki, yakan sayad da gidansa ya koma wata unguwa da aka gina musamman don tsofaffi, inda kowa ke da nasa ɗaki, ga wurin cin abinci, ga ma'aikatan jinya kusa. Masu hali ne ke iya shiga irin mai kyau. Osman ya ƙago wata unguwa haka a lardin Kent, ya sa mata suna Coopers Chase, ya ce an gina ta a tsohon mazaunin mata masu ibada na ɗarikar Katolika, kuma maƙabartarsu tana nan bisa tudu. Ba a karɓar kowa sai wanda ya kai shekara 65.

A nan ne tsofaffi huɗu ke taruwa kowace Alhamis. Akwai Elizabeth, wadda ba ta faɗin irin aikin da ta yi da ƙuruciya, amma mai karatu ba ya daɗewa sai ya gane 'yar leƙen asirin gwamnati ce. Akwai Ron, tsohon shugaban ƙungiyar ma'aikata, mai baki, wanda ya saba da tsayawa gaban taro yana tsokanar hukuma. Akwai Ibrahim Arif, mutumin Masar, likitan masu taɓin hankali, mai tsabta da son lissafi. Ta huɗunsu ita ce Joyce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, gwauruwa, wadda kowa ke gani kamar ba ta san kome ba sai toya kek. Abin da ke tara su shi ne tsofaffin takardun 'yan sanda na kisan da aka kasa gano masu yinsa, waɗanda wata ƙawar Elizabeth mai suna Penny, tsohuwar jami'ar 'yan sanda, ta adana kafin ciwo ya kwantad da ita. Don kada kowa ya dame su, sai suka rubuta a allon sanarwa cewa taron tattauna waƙoƙin wasan kwaikwayon Japan suke yi, suka tabbata ba mai leƙowa.

Ana nan sai wasa ya zama gaske. Aka tarad da Tony Curran, maginin da ke da hannun jari a unguwar, an kashe shi cikin ɗakin girkinsa, an ajiye wani tsohon hoto kusa da gawar. Ba a jima ba sai shi mai unguwar, Ian Ventham, wanda ya ƙudura tone maƙabartar nan don ya ƙara gine-gine, ya faɗi matacce gaban jama'a ran da tsofaffin suka fito tare masa hanya. Aka kuma sami ƙasusuwan wani mutum cikin kabarin da ba nasa ba. Tsofaffin nan huɗu suka shiga bincike, suna jan 'yan sanda biyu, Donna De Freitas da shugabanta Chris Hudson, da shayi da kek da daɗin baki, har su tatsi abin da doka ta hana a gaya musu.

Masu yabo

Mafi yawan waɗanda suka karanta sun yaba, kuma in an saurari yabonsu za a ga ba a kan kisan yake ba sam. Mutanen nan huɗu suke ƙauna. Sukan ce sun gaji da littattafan da ake nuna tsoho kamar kaya, ko abin tausayi, ko abin dariya, sai ga littafin da ya ba tsofaffi wayo da ƙarfin hali da sha'awar duniya. Dabarar da Osman ya gina labarinsa a kai ita ce, a ƙasarsu ba a kula da tsoho, ba a ganinsa ma, saboda haka yana iya shiga inda ya so, ya tambayi abin da ya so, in an kama shi ya yi kamar ya rikice. Elizabeth takan yi wannan da gangan. Mu da muka tashi da karin maganar nan cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, abin ba zai ba mu mamaki ba, amma ga Turawan zamanin nan ya zama kamar sabon abu.

Joyce ita ce ta fi kowa farin jini. Wani sashi na littafin an rubuta shi ne kamar littafin da take rubuta abin da ya same ta kowace rana, da bakinta, tana fara zancen gawa sai ta ratse zuwa farashin kaya a kanti, ko wani dattijo da ya kwanta mata a rai, ko 'yarta Joanna wadda aiki ya hana ta zuwa ziyara. Masu karatu da yawa sun ce muryar uwarsu suka ji, ko ta kakarsu. Osman kansa bai ɓoye cewa mahaifiyarsa tana zaune a irin wannan unguwa a lardin Sussex ba, kuma ya ce ziyarar da ya kai wata unguwar tsofaffi ce ta fara kawo masa tunanin labarin.

Akwai kuma wani abu da ya fi ba'a nauyi, wanda a ganinmu shi ne ya ɗaure littafin a zukatan mutane. Mijin Elizabeth, Stephen, malami ne mai zurfin ilmi, amma ciwon mantuwa na tsufa ya fara cin hankalinsa. Matar nan da ba ta tsoron ɗan ta'adda, ga ta tana ɓoye ciwon mijinta ga kowa don kada a raba su, tana kuma gwada kanta a asirce da tambayoyi don ta ga ko ita ma abin ya fara taɓa ta. Penny kuwa tana kwance ba ta magana, mijinta John yana zaune gefen gadonta kullum da littafi a hannu. Waɗanda suka yi jinyar uwa ko uba ko miji cikin wannan hali sun ce sun zo neman dariya sai suka tarad da hawaye, kuma ba su ji an yi musu wayo ba.

Kada kuma a manta da lokacin da littafin ya fito. Cikin watan Maris na 2020 aka kulle Ingila saboda annobar korona, aka sake kullewa cikin Nuwamba. Gidajen jinyar tsofaffi su ne suka fi shan mutuwa, aka hana 'ya'ya ziyartar iyayensu wata da watanni, waɗansu sai ta tagar gilashi suke ganin juna. Cikin wannan hali ne aka miƙa wa mutane labarin tsofaffi masu rai da lafiya suna taruwa ɗaki guda, suna shan abin shansu, suna juya 'yan sanda yadda suka so. Ko maƙiyin littafin ya yarda ya zo a kan gaɓa.

Masu suka

Amma fa ba kowa ya gamsu ba, kuma waɗanda ba su gamsu ba ba jahilai ba ne. Da yawansu tsofaffin masu karanta irin waɗannan littattafai ne, waɗanda suka san ƙa'idar abin.

Gama abin yana da ƙa'ida. Tun cikin 1929 wani limamin Katolika na Ingila, Ronald Knox, ya tsara dokoki 10 na rubuta labarin bincike. Daga cikinsu akwai cewa dole a nuna mai laifin tun farkon labari, ba a yarda aljani ko tsafi ya warware matsala ba, ba a yarda mai bincike ya ci nasara da sa'a ba, kuma duk alamar da ya gani sai a nuna wa mai karatu ita. Manufa ita ce labarin ya zama kamar dara tsakanin marubuci da mai karatu, kowa yana ganin gurbi. (Abin sha'awa, shi ma Knox ɗin ya taɓa aikin watsa labari: cikin 1926 ya karanta wani labarin ƙarya na wasa a gidan rediyon BBC, wai an yi tawaye a Landan, har mutane da dama suka firgita suka ɗauka gaskiya ne.)

To, masu wannan ra'ayi suka auna littafin Osman da wannan mudu, suka ce bai cika ba. Kukansu na farko yawan mutane. Ga tsofaffi huɗu, ga 'yan sanda biyu, ga magini ɗan ƙasar Polan mai suna Bogdan, ga wani limami da ake shakkar limancinsa, ga ɗan Ron tsohon ɗan dambe, ga manomi mai gona kusa, ga 'yan fashi na shekarun baya waɗanda ake ta ambaton sunansu ba a gan su ba. Babi ya haura 100, kowanne gajere, kowanne ya tsallaka kan wani mutum dabam. Mai karatu in ya ajiye littafin kwana biyu, sai ya dawo yana tambayar wane ne wane. Sa'an nan suka ce asirin ba ɗaya ba ne, uku ne ko huɗu aka tufka wuri guda, kuma da aka zo warwarewa, maimakon mai bincike ya tara alamu ya kama mai laifi da hujja, sai aka ga mutane suna zuwa da kansu suna faɗin abin da suka yi. Suka ce wannan ba dara ba ce, tun da ba a ba su 'ya'yan da za su yi wasa da su ba.

A nan mun ga suna da gaskiya, ko da ba duka ba. Wanda ya karanta Agatha Christie ya san daɗin nan na komawa baya a ga ashe amsar tana gaban ido tun shafi na goma. Wannan daɗi kaɗan ne cikin littafin Osman na farko. Har ma ana iya cewa bashi ya ci daga wurinta, domin cikin 1927 ne Christie ta fara fito da tsohuwar nan tata, Miss Marple, cikin wani gajeren labari mai suna The Tuesday Night Club, inda mutane ke taruwa ran Talata da dare kowa ya kawo labarin asirin da aka kasa ganewa, tsohuwar da ake rainawa kuwa ita ke cinyewa kullum. Osman bai taɓa musun cewa shi mai ƙaunar Christie ba ne. Ya matsa daga Talata zuwa Alhamis, ya mai da tsohuwa ɗaya tsofaffi huɗu.

Wani kukan kuma shi ne na 'yan sanda. Suka ce wane jami'i ne zai buɗe wa 'yan fansho takardun binciken kisan kai don an ba shi kek? Wannan ƙorafi tsoho ne, ya girmi Osman. Tun 1944 marubucin Amurka Raymond Chandler ya soki labaran bincike na Ingila a kan cewa sun cire kisan kai daga hannun masu yinsa na gaske sun kai shi falon masu kuɗi, sun mai da shi wasan ƙwaƙwalwa. Masu son irin na Osman kuwa sun san da haka sarai, kuma abin da suka zo nema ke nan. Turawa har suna da sunan da suke kiran wannan nau'i, ma'anarsa labarin laifi mai kwantad da hankali, inda ba a nuna jini, ba a tsoratad da mai karatu, ana kisa ana shan shayi. Abincin wani, in ji masu iya magana, gubar wani.

Waɗansu masu karatu na ƙasashen waje, musamman Amurka, sun ce ba'ar ta yi musu nisa, domin cike take da sunayen kantunan Ingila da shirye-shiryen talabijin ɗinsu da 'yan bambance-bambancen da ke tsakanin mai kuɗi da talaka a can, abin da sai ɗan gida ke ganewa. Waɗansu kuma suka lura cewa tsufan Coopers Chase tsufan masu hali ne. Tsohon da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya yana lissafin kuɗin wuta ba ya cikin labarin.

Maganar suna

Yanzu mu zo ga inda gardamar ta fi zafi. Cikin 2019, tun littafin bai fito ba, kamfanoni 10 suka yi gwanjonsa, Viking ya ci da kuɗin da aka ce ya kai fam miliyan ɗaya ko fiye, a kan littattafai biyu. Kamfanin silima na Steven Spielberg kuma ya sayi izinin mai da shi fim. Marubutan da suka yi shekara ashirin suna wannan sana'a, suna samun abin da bai isa cefane ba, suka dubi wannan suka yi shiru, waɗansu kuwa ba su yi shiru ba. Hujjarsu ita ce kuɗin talla na kamfani yana da iyaka, teburin da ke bakin ƙofar kantin littattafai shi ma yana da iyaka, manyan kantunan sayad da abinci kuwa littattafai kaɗan suke ɗauka. Duk gurbin da mai suna ya hau, wani marar suna aka ture.

Wanda ke shakkar ƙarfin suna, ga misali. Cikin watan Afrilu na 2013 wani littafin bincike ya fito mai suna The Cuckoo's Calling, da sunan wani Robert Galbraith wanda ba wanda ya sani. Masu sharhi suka yaba, amma kofen da aka sayar na takarda bai wuce wajen 1,500 ba. Cikin watan Yuli sai jarida ta tona cewa J.K. Rowling ce, mai littattafan Harry Potter, ta ɓad da kama. Kafin kwana biyu littafin ya hau kan duk littattafan da ake saye. Ba a sāke ko harafi ɗaya a ciki ba.

Saboda haka ba mu ga amfanin musun cewa talabijin ya buɗe wa Osman ƙofa ba. Shi ma bai musa ba. Abin da ya faɗa shi ne ya yi wata 18 yana rubutawa a ɓoye, bai gaya wa kowa ba sai da ya gama, domin ya san abin da za a ce. Ba a kuma taɓa kawo wata hujja cewa wani ne ya rubuta masa ba, abin da ya zama ruwan dare ga waɗansu taurari, kamar yadda aka yi ta surutu cikin 2023 a kan hikayar 'yar wasan fim Millie Bobby Brown, wadda aka bayyana cewa wata marubuciya, Kathleen McGurl, ta taya ta aikin.

Amma akwai wani ma'auni da muke ganin ya fi duk wannan surutu. Suna yana iya sa mutum ya sayi littafi na farko. In ya karanta ya ji an cuce shi, suna ba zai sa ya sayi na biyu ba, gama ba a cizon mumini sau biyu a rami ɗaya. Littafin Osman na biyu, The Man Who Died Twice, ya fito cikin 2021, ya fi na farko saurin sayuwa. Na uku, The Bullet That Missed, ya biyo cikin 2022, na huɗu, The Last Devil to Die, cikin 2023, kowanne yana zuwa na ɗaya. Zuwa 2024 an sayad da fiye da kofe miliyan 10 na jerin a duniya, da yawa a ƙasashen da ba a taɓa ganin Pointless ba, inda Osman ba kowa ba ne. Cikin 2022 ya bar shirin nan na kullum don ya ba rubutu lokacinsa. Har waɗansu daga cikin masu sukar na farko sun yarda cewa na biyu ya fi ɗauruwa, mutanensa sun ragu, zarensa ya fi miƙewa.

Abin da masu kukan suka hango kuwa ya auku. Kamfanonin ɗab'i da suka ga kasuwa ta buɗe sai suka bazama neman fuskokin talabijin da muryoyin rediyo. Richard Coles, limamin cocin Ingila mai shiri a rediyo, ya fitad da Murder Before Evensong cikin 2022. Rob Rinder, lauya mai shirin shari'a a talabijin, ya fitad da The Trial cikin 2023. Cikin shekarar kuma Shirley Ballas, alƙaliyar gasar rawa, ta fitad da nata tare da wata marubuciya. Bangon littattafai ma ya koma kama ɗaya, irin rubutu ɗaya, irin launi ɗaya, har mai saye yakan ɗauki wani yana zaton na Osman ne. Ba duka ne marasa kyau ba, amma hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa, kuma mai saye ba ya ganewa sai ya biya.

Hukuncin da ba alƙali ya yanke ba

Akwai abu guda da muke ganin ba a tattauna shi yadda ya cancanta ba, mai yiwuwa don ba'ar littafin ta rufe shi. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, yana iya tsallake wannan sashi, ko da yake ba za mu kama suna ba.

A ƙarshen labarin, cikin waɗanda suka zub da jini babu wanda ya tsaya gaban alƙali. Ɗaya ya yi kisa ne don ɗaukar fansar abokinsa, marubucin kuwa ya bar shi ya ci gaba da harkarsa, har ya zama abin ƙauna cikin littattafan da suka biyo. Wata ta kashe mutumin da ta tabbata ya yi kisa ya kuɓuce wa shari'a, ta binne shi a ɓoye. Wani kuma, don ya rufa wannan asiri, ya kashe mutum, sa'an nan da aka gano shi aka ba shi ɗan lokaci kafin a kira 'yan sanda, ya ɗauki ransa da na wadda yake ƙauna. Duk wannan an rubuta shi da taushi, ta yadda mai karatu zai rufe littafin yana jin an yi daidai.

Masu karatu sun rabu a nan ma. Waɗansu suka ce wannan shi ne zurfin littafin: mutanen da suka kusa kabari sun san doka da adalci ba kullum suke tafiya tare ba. Waɗansu kuwa abin ya tsaya musu a maƙogwaro. Mu dai muna tare da na biyun. Mutanen da aka kashe an zana su mugaye don kada a ji tausayinsu, wannan kuwa tsohuwar dabara ce ta sa mai karatu ya yarda da abin da ba zai yarda da shi a unguwarsu ba. Elizabeth tana da hankali, amma ba wanda ya naɗa ta alƙali, kuma ba ta da wanda za a ɗaukaka ƙara gare shi. Rai ba na mai shi ba ne balle na maƙwabcinsa. Muna iya jin daɗin labarin, mu yi dariya inda ya kamata, ba tare da mun sa hannu a kan wannan hukunci ba.

Abin mamaki, da aka gyara wannan wuri sai masoyan littafin suka yi ca. Ran 28 ga Agusta, 2025, kamfanin Netflix ya saki fim ɗin, wanda Chris Columbus ya shirya, da Helen Mirren a matsayin Elizabeth, Pierce Brosnan a matsayin Ron, Ben Kingsley a matsayin Ibrahim, Celia Imrie kuwa Joyce. An yabi 'yan wasan, amma masu fim sun rage mutane, sun daidaita zaren labari, watau abin da masu suka ke nema tun 2020, sa'an nan suka sa 'yan sanda suka kama mutumin nan da littafi ya bari ya tsira. Waɗanda suka karanta littattafan suka ce an ci amanarsu, suka tambaya ta yaya za a yi fim na biyu alhali mutumin da ake bukata cikinsa yana tsare. Suka kuma yi kukan cewa unguwar da suka sani ta tsofaffi masu matsakaicin hali an mai da ita wani ƙasaitaccen gidan sarauta, an kuma rage muryar Joyce wadda ita ce gishirin littafin.

Bayan fim ɗin da wata guda, cikin Satumba 2025, littafi na biyar ya fito, The Impossible Fortune, bayan Osman ya huta da tsofaffin nan shekara guda ya rubuta wani dabam mai suna We Solve Murders cikin 2024. Shi ma ya hau kan jerin littattafan da aka fi saye a Ingila tun makonsa na farko.